JERIN SUNAYEN DA KE SAUYA KANSA: DAGA ALLON SANARWA ZUWA FOTAL

Duk lokacin da aka buɗe fotal na ɗaukar ma'aikata, ko aka saki sakamakon jarrabawa, ko zaɓe ya ƙarato, kuka iri ɗaya ne yake cika wannan dandali. Wani ya ce jiya ya ga sunansa cikin waɗanda aka tantance, yau ya duba babu. Wani ya ce da safe adadi kaza ya gani, da la'asar ya tarar da wani daban. Nan da nan sai a rabu gida biyu: masu cewa an yi maguɗi, da masu cewa ai matsalar netwok ce kawai. Kowane ɓangare har da rantsuwa. Amma da yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun tambayi yadda wannan jeri yake zuwa fuskar wayarmu ba, wa yake rubuta shi, kuma a ina yake kwana.

To jama'a, abin nan yana da tarihi, kuma tarihin ba mai nisa ba ne. Wanda ya san shi zai san tambayar da ya kamata ya yi wa hukuma ranar da sunansa ya ɓace. A yi haƙuri da tsawon rubutun, a daure a kai ƙarshe.

ZAMANIN ALLON SANARWA

Waɗanda suka kai shekara arba'in sun san yadda ake yi a da. Magatakarda ya buga sunaye da tafireta, shugaba ya sa hannu, a buga hatimi, masinja ya manna a allon sanarwa. Jami'o'i kuma su sayi shafi a jarida su buga sunayen waɗanda suka ba gurbin karatu. Mutum ya hau mota tun daga ƙauyensu don kawai ya duba takarda ɗaya. Akwai wahala, akwai jinkiri, ga ruwan sama da masu yage takarda.

Sai dai takardar nan tana da wata daraja da ba mu lura da ita ba sai da ta tafi. Ba ta sauyawa. Abin da ka gani ranar Litinin shi za ka tarar ranar Alhamis. Idan aka goge suna, wurin gugar zai nuna. Idan aka cusa wani suna a ƙasa, tawadar za ta bambanta. Mu ma'aikatan gwamnati mun san ƙa'idar fayil: ba a cire shafi, kowane shafi da lambarsa, idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta tsohon rubutun, a sa hannu da kwanan wata a gefe. Wato takarda tana riƙe tarihin kanta. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

RUMBU YA RIGA SHAFI ZUWA

Abin da ake kira rumbun bayanai ya girmi shafin intanet da shekaru masu yawa. Kamfanin jiragen sama na American Airlines ya ci karo da matsalar a fili. Kujera ɗaya ce a jirgi, masu sayar da tikiti kuma suna birane daban-daban. Ta yaya za a hana a sayar wa mutum biyu kujera ɗaya? Suka haɗa kai da kamfanin IBM aka gina tsarin da ake kira SABRE, wanda ya kankama a 1964. Jeri ɗaya tak, a cikin babbar kwamfuta ɗaya, kowane wakili yana duba shi ta layin tarho. Da zarar an sayar da kujera a wani birni, ta fita daga jerin kowa. Wannan shi ne kakan duk wani fotal da muke hawa yau.

A 1970 wani Baturen Ingila masanin lissafi mai suna Edgar Codd, wanda yake aiki da IBM a Kalifoniya, ya fitar da maƙalar da ta sauya komai. Shawararsa ita ce a zuba bayanai a tebur-tebur masu layuka da ginshiƙai, a rubuta kowane bayani sau ɗaya kacal, sannan a haɗa teburan da lambar shaida. Misali, tebur ɗaya na ma'aikata: lambar fayil, suna, matakin albashi, ranar ɗauka. Wani tebur na ma'aikatu. Idan mace ta sauya suna, wuri ɗaya za a gyara, duk inda lambarta ta fito sabon sunan zai bi ta. A 1974 wasu ma'aikatan IBM biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka tsara harshen yi wa irin wannan rumbu tambaya, wanda daga baya aka san shi da SQL. A 1979 aka fara sayar da Oracle, rumbun da aka gina bisa wannan tsari, wanda har gobe bankuna da gwamnatoci suke amfani da shi.

A nan fa ake so a nutsu. A cikin irin wannan rumbu, babu wani abu a ajiye mai suna "jerin waɗanda suka yi nasara". Abin da yake ciki tarin layuka ne. Sai an jefa tambaya, kamar a ce: kawo duk wanda makinsa ya kai hamsin, ɗan jiha kaza, wanda bai wuce shekara talatin ba, a jera su daga babba zuwa ƙarami. Amsar da ta fito ita ce jerin. Ka sauya hamsin zuwa hamsin da biyar, ɗaruruwan sunaye sun zube ba tare da an goge ko harafi ɗaya a rumbun ba. Jeri amsar tambaya ce. Wanda yake riƙe da tambayar yana da ƙarfi daidai da wanda yake riƙe da rumbun.

SHAFUKAN FARKO

A watan Maris na 1989 Tim Berners-Lee, shi ma Baturen Ingila, ya miƙa shawararsa a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba a ƙasar Suwizalan. Zuwa ƙarshen 1990 shafin farko ya fara aiki, a watan Agusta na 1991 aka sanar da duniya, a ranar 30 ga Afrilu 1993 kuma CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa.

Yawancin shafukan farko ba su da maraba da takardar allon sanarwa. Mutum zai zauna ya rubuta fayil da harshen HTML, ya ajiye a kwamfutar da take raba shafuka, wadda ake kira uwar garke. Duk wanda ya nema, wannan fayil ɗin za a miƙa masa yadda yake. In ana son ƙara suna, sai a buɗe fayil a rubuta da hannu. Shi kansa Berners-Lee da hannu yake rubuta jerin shafukan da suke duniya a lokacin, saboda ba su da yawa. Yahoo ma da ya fito a 1994, ɗalibai biyu ne na Jami'ar Stanford, Jerry Yang da David Filo, suke zaɓo shafuka suna jera su rukuni-rukuni.

Amma tun daga farko an hango inda ribar take. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa ma'aikatan CERN suka karɓi sabuwar fasahar shi ne ta ba su damar duba kundin lambobin tarho na cibiyar, wanda yake cikin babbar kwamfuta. A Amurka kuma, shafin farko da aka kafa a cibiyar SLAC ta Stanford a watan Disamba na 1991, aikinsa shi ne buɗe ƙofa zuwa rumbun maƙalun kimiyya mai suna SPIRES. Masani yana zaune a wata ƙasa zai rubuta sunan marubuci, jerin maƙalunsa ya fito masa. Babu wanda ya rubuta wannan jeri da hannu. A take aka haɗa shi.

Bari mu kwatanta da shago don a gane. Shafin da kake gani shi ne kantar da ake baje kaya. Rumbun bayanai shi ne sito na baya. A zamanin farko abin da aka baje a kanta shi ke nan, sai mai shago ya ga dama ya sauya. Abin da ya biyo baya duk tarihin yaron shago ne, wanda yake kai-kawo tsakanin kanta da sito.

AN ƊAUKI YARON SHAGO

A 1993 cibiyar NCSA ta Jami'ar Ilinoi, wadda ta fitar da burauzar Mosaic, ta tsara ƙa'idar da ake kira CGI. Ma'anarta a taƙaice: idan mutum ya nemi shafi, uwar garke za ta iya tayar da wata ƙaramar manhaja, ta je rumbu ta ɗebo bayani, ta ɗinka sabon shafi nan take ta miƙa. Shafin da bai wanzu ba sai da ka nema.

Shekarar 1995 ita ce shekarar da abin ya fashe. Rasmus Lerdorf ya saki PHP, wanda asalinsa ya rubuta ne don ya riƙa ƙidaya masu leƙa takardar tarihin aikinsa da ya ɗora a intanet. A ƙasar Suwidin, Michael Widenius da David Axmark suka fito da rumbun MySQL, wanda talaka ma zai iya amfani da shi ba sai ya biya kuɗin Oracle ba. A kamfanin Netscape, Brendan Eich ya rubuta zubin farko na JavaScript cikin kwana goma, harshen da yake ba shafi damar motsi a cikin burauzarka. A shekarar ne dai Amazon ya fara sayar da littattafai, eBay ya fara gwanjo. Ka duba: kantin littattafai da gwanjo dukansu jeri ne mai sauyawa. Farashin gwanjo yana hawa duk minti, babu magatakardan da zai iya bi da hannu.

Haɗin PHP da MySQL ya saukar da fasahar daga hannun manyan kamfanoni zuwa hannun ɗalibai. A kansu aka sake gina Wikipedia a 2002, a kansu WordPress ya fito a 2003, a kansu kuma Mark Zuckerberg ya gina wannan Facebook ɗin a ɗakin kwanan ɗalibai na Harvard a watan Fabrairu na 2004. Da yawa daga fotal ɗin makarantu da ma'aikatun ƙasar nan har yau wannan tsari ne a ƙarƙashinsu.

Sai dai yaron shagon wancan zamani yana da wauta guda. Ko allura ka tambaya, sai ya kwashe duk kayan kanta ya koma sito, sannan ya dawo ya sake baje komai daga farko. Shi ne lokacin da kana danna abu sai fuskar kwamfuta ta yi fari fat, ka zauna jiran shafi ya sake lodi. Waɗanda suka yi zaman gidan intanet na kafe a farkon shekarun 2000, ana biya awa-awa, suna duba sakamakon WAEC da katin kankarewa, sun san zafin wannan jira.

Wata ɓarakar kuma ta tsaro ce. Tunda abin da ka rubuta a akwatin bincike ana cusa shi cikin tambayar da ake aika wa rumbu, mai wayo zai iya rubuta umarni a maimakon suna, rumbu ya ɗauka daga maigida ne ya bi. An bayyana wannan dabara a fili tun 1998, amma a 2015 da ita aka shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Maganin abin sananne ne, kuma ba tsada: a raba abin da baƙo ya rubuta da umarnin da ake ba rumbu. Sakaci ne kawai yake barin ƙofar a buɗe.

YARO YA YI WAYO

Gyaran wautar can daga Microsoft ya fito. Masu gina manhajar duba wasiƙun ofis ta burauza suna son sabuwar wasiƙa ta shigo ba tare da shafi ya sake lodi ba. Suka ƙirƙiro hanyar da shafi zai aika ɗan saƙo a ɓoye zuwa uwar garke, ya karɓo ɗan bayanin da ake buƙata, ya sauya layi ɗaya ya bar sauran. An saka wannan a burauzar Internet Explorer 5 a 1999, amma ya yi shekaru ba a damu da shi ba.

Google ne ya nuna wa duniya amfaninsa. Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilu 2004, taswirar Google Maps kuma a watan Fabrairu na 2005, inda za ka ja taswira da linzami sababbin unguwanni suna ɓullowa ba tare da jira ba. A wannan watan ne wani mai suna Jesse James Garrett ya raɗa wa dabarar suna Ajax, sunan ya bi ta. Sau da yawa idan ka zaɓi jiharku a fom sai jerin ƙananan hukumominta kaɗai ya fito a akwati na gaba, to wannan dabarar ce take aiki.

A watan Satumba na 2006 Facebook ya kawo jerin labarai na shafin farko, wannan da kake karanta rubutuna a cikinsa. Masu amfani da dandalin suka yi ca, suna cewa an tona musu asiri, har sai da Zuckerberg ya ba da haƙuri, amma jerin bai tafi ba. A nan aka shiga sabon babi: jerin da ba mutum biyu da suke ganin iri ɗaya, saboda tambayar da ake yi wa rumbu ta dogara da wane ne kai. A 2006 ɗin ne Aza Raskin ya tsara jerin da ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙaruwa, abin da daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamarsa a kai saboda yadda yake cinye lokacin mutane. A 2011 aka tabbatar da ƙa'idar WebSocket, wadda take barin layi a buɗe tsakanin wayarka da uwar garke. Yanzu yaron shago ba ya jiran ka tambaya. Da abu ya sauya a sito, ya rugo ya sauya a kanta. Shi ya sa kake ganin ƙwallo ta shiga a jerin sakamakon wasa kafin mai sharhi ya rufe baki.

Akwai wani abu da yake rikita mutane, gara a faɗe shi a nan. Idan mutum miliyan suka nemi jeri ɗaya a lokaci guda, rumbu ba zai iya amsa kowa ba. Don haka ake ajiye kwafin amsar na ɗan lokaci a kwamfutoci daban-daban, ana raba wa jama'a daga can. Sai ka ga wayarka tana nuna adadi kaza, ta maƙwabcinka tana nuna wani, alhali babu wanda ya yi maguɗi: ɗayanku tsohon kwafi yake gani. Ba kowane bambanci ne sata ba. Amma kuma ba kowane bambanci ne netwok ba. Abin tambaya shi ne yadda za a bambance.

KYAN KANTA BA SHI NE KYAN SITO BA

Annobar korona ita ce ta koya wa duniya zaman kallon jerin da ke sauya kansa. A ranar 22 ga Janairu 2020 Farfesa Lauren Gardner ta Jami'ar Johns Hopkins da ɗalibinta Ensheng Dong suka ɗora taswirar masu kamuwa da cutar. Da farko da hannu suke shigar da alƙaluman, daga baya aka mayar da abin na kai-tsaye. Abin da ya sa aka yarda da su shi ne sun baje ɗanyen bayanan a fili, kowa zai iya saukewa, kuma duk gyaran da suka yi yana nan a rubuce da ranarsa. Sun ci gaba har watan Maris na 2023.

A Ingila kuwa, cikin wannan shekara ta 2020, hukumar lafiya ta zubar da sunayen mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. Dalili? Ana tattara sakamakon ɗakunan gwaji a tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da fayil ya cika, sauran layukan suka zube shiru, ba ƙara ba gargaɗi. Shafin gwamnati yana nan tsaf, launuka masu kyau, yana sabunta kansa kullum, amma adadin da yake nunawa bai cika ba, kuma dubban waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ba a neme su a kan lokaci ba. Wannan fa Ingila ce.

Mu dawo gida, domin mu ma mun ɗanɗana. A jarrabawar JAMB ta 2025 sakamako ya fito a fotal, kowane ɗalibi da makinsa a rubuce. Iyaye da ɗalibai suka yi ta ƙorafi cewa makin bai yi kama da ƙoƙarin yaransu ba. Da aka bincika, hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗa a wasu kwamfutocinta da ba a sabunta manhajarsu daidai ba, abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya ɗauki alhakin har da hawaye, aka sake musu jarrabawa. Fotal bai yi ƙarya ba a nasa ɓangaren, abin da ya tarar a rumbu shi ya nuna. Ɓarnar tun a sito ta faru.

Sai babbar magana, IReV. Hukumar zaɓe ta INEC ta fara gwada shi a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a watan Agusta na 2020. Tsarinsa mai sauƙi ne: a ɗauki hoton takardar sakamako ta rumfa, wato fom EC8A, a tura, ta bayyana a jerin da kowa zai iya buɗewa. A lura, jerin hotunan takardu ne, ba ya tara ƙuri'u. Ya yi aiki a zaɓukan gwamna na Edo, Ondo, Ekiti da Osun, jama'a suka sa rai. Ranar 25 ga Fabrairu 2023, a ƙasar da take da rumfuna 176,846, takardun 'yan majalisa suna shiga, na shugaban ƙasa suka ƙi. Bayanin da hukumar ta bayar a rahotonta na 2024 shi ne an tsara ma'ajiyar ne jiha-jiha, kowace kujerar majalisa tana ƙarƙashin wata jiha, amma kujerar shugaban ƙasa mazaɓa ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye hotunan, sai wajen ƙarfe tara na dare aka fara samun shiga. Kotun Ƙoli a hukuncinta na 26 ga Oktoba 2023 ta ce IReV wurin kallo ne, ba a nan doka ta ce a tattara sakamako ba.

Wasu sun gamsu da wannan bayani, wasu har gobe ba su gamsu ba. Irin wannan gardama ba a raba ta da rantsuwa ko da zagi a dandali. Abu ɗaya ne yake raba ta: littafin shige da fice na kwamfutar, wanda yake rubuta wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya taɓa. Kenya ta nuna darajar wannan littafi. A ranar 1 ga Satumba 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ƙarƙashin Mai Shari'a David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa, kuma cikin dalilanta har da ƙin da hukumar zaɓe ta yi na buɗe kwamfutocinta yadda kotu ta umarta. A 2022 hukumar ta ɗora hotunan fom 34A na rumfuna 46,229 a fili, jaridu da jam'iyyu da ɗaiɗaikun mutane suka sauke suna lissafi da kansu.

ABIN DA YA ƁACE A HANYA

Idan ka dubi tafiyar nan daga 1964 zuwa yau, kowane mataki sauri ya ƙara. Daga jiran masinja zuwa jiran lodi, daga jiran lodi zuwa ƙiftawar ido. Abin da aka yar a hanya shi ne darajar nan ta takarda da muka ce a riƙe. Jerin da ke sabunta kansa, a ɗabi'arsa, ba shi da jiya. Abin da yake nuna maka shi ne halin da rumbu yake ciki a wannan daƙiƙa. Idan wani mai mabuɗin sirri ya sauya layi ɗaya da ƙarfe biyun dare, da safe jerin zai fito fes, babu guga, babu bambancin tawada.

Kuma ba wai fasahar ce ta gaza ba. Wikipedia, har da ta Hausa, tana ajiye kowane gyara da aka taɓa yi wa kowane shafi: wa ya yi, yaushe, me ya cire, me ya sa. Bankinka ba ya nuna maka ragowar kuɗinka kaɗai, yana ba ka bayanin kowace shiga da fita. Idan fotal na gwamnati ba shi da irin wannan, ba a nema ba ne a takardar kwangila, ko kuma wani bai so a sa ba.

Don haka ga abin da ya kamata mu riƙa nema, mu da muke cikin ofis da ku da kuke waje. Na farko, kowane jeri na hukuma ya nuna rana da lokacin da aka sabunta shi. Na biyu, a bayyana ƙa'idar da aka tace sunaye da ita kafin a saki jerin, kada a sauya tambaya bayan an ga amsa. Na uku, a ajiye littafin sauye-sauye wanda ko shugaban sashen kwamfuta ba zai iya gogewa ba, kuma mai binciken kuɗi da kotu su iya gani. Na huɗu, ranar da aka rufe, a fitar da kwafi tsayayye mai sa hannu da hatimi wanda kowa zai iya saukewa ya ajiye. Na biyar, hannun da ya shigar da suna kada ya zama shi ne mai amincewa da shi, kamar dai yadda mai rubuta baucan biya ba shi ne mai sa hannun fitar da kuɗi ba. Na shida, rumbu da mabuɗansa su zama mallakar ma'aikata. Abin kunya ne a ce bayanan jama'a suna hannun ɗan kwangila, ranar da aka saɓa a kan biya ya kashe fotal ya yi tafiyarsa. Sannan baje jeri a fili ba lasisin tallata lambar wayar mutane da lambar NIN ɗinsu ba ne, dokar kare bayanai ta 2023 tana nan.

Kai kuma ɗan uwa mai neman aiki ko gurbin karatu, ranar da ka ga sunanka, ka buga takardar shaidar da fotal ya ba ka, ka adana lambar rajistarka da saƙon da aka turo maka. Hoton fuskar waya yana da amfani, amma ka sani ba hujja ce mai ƙarfi ba, domin duk yaron da ya ɗan iya kwamfuta zai iya sauya rubutun shafi a burauzarsa ya ɗauki hoto cikin minti ɗaya. Wannan ma dalili ne na rage saurin yaɗa irin hotunan nan da ake turowa a guruf. Idan sunanka ya ɓace, ka rubuta wa hukumar takarda ka ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa. Kada ka tsaya a tambayar ina sunana. Ka tambaya: yaushe aka sauya layina, wa ya sauya, bisa wace ƙa'ida?

Ranar da masu irin wannan tambaya suka yi yawa, dole masu ba da kwangilar fotal su fara sa littafin sauye-sauye cikin sharuɗɗa, tunda sun san za a nema.